Labarin Ɗan Kifi Mai Sulke Na Kogunan Amurka Ta Kudu

 Ga labarin wani ɗan kifi na kogunan Amurka ta Kudu, wanda mafi yawan irinsa ba su fi ɗan yatsa tsawo ba. Ba shi da haƙoran faɗa, ba shi da gudun da zai tsere wa mai binsa, kuma ruwan da yake ciki cike yake da kada da zalɓe da wani kifi mai haƙora kamar aska wanda ake kira firana. Duk da haka zuriyarsa ta cika rafuka tun daga tsibirin Tirinidad har arewacin Ajantina. Masana duwatsu ma sun sami gawar kakansa a daskare cikin dutse a ƙasar Ajantina, aka rubuta bayaninta a 1925, suka ƙiyasta ta kai shekara miliyan 58, ga ta kuwa da siffa irin ta jikokinta na yau. To, da wane guzuri ƙaramin abu irin wannan ya daɗe haka a tsakanin maƙiya? Wannan shi ne abin da muke so mu shimfiɗa muku fasali fasali.

Fasali na farko, a kan danginsa da sunansa da mazauninsa

Ku sani masana sun kasa kifaye dangi dangi. A ciki akwai babban dangi na masu gashin baki, wanda tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa da minjirya na kogunanmu duk 'ya'yansa ne. Irinsu ya haura 3,000 a duniya, kuma babu ko ɗaya a cikinsu mai ɓamɓaroki kamar na karfasa. Mafi yawa fatarsu tsirara take, ga santsi, kamar yadda duk wanda tarwaɗa ta taɓa sulluɓe masa daga hannu ya sani. Sai dai a Amurka ta Kudu akwai waɗansu gidaje na wannan dangi da jikinsu ke lulluɓe da allunan ƙashi. Gida ɗaya bakinsu kamar ƙahon wanzami yake, suna manna shi a jikin dutse ko itace suna kankarar gansakuka. Wani gidan kuwa shi ne wanda muke magana a kansa, masu alluna sahu biyu a kowane gefe.

A shekarar 1803 wani masani Bafaranshe mai suna Lacepede ya raɗa wa ƙananan wannan gida suna Koridoras, daga kalmomi biyu na Yunananci, ɗaya ma'anarta kwalkwali, ɗaya kuma fata, watau mai fatar kwalkwali. Waɗanda aka rubuta sunayensu a wannan reshe yanzu sun haura iri 200. A 2024 masana suka sake bin nasabarsu, suka raba su zuriya 7, har da yawa daga sanannun cikinsu suka tashi daga tsohon sunan. Amma a bakin masu kiwo da 'yan kasuwa duk Koridoras ne har yau, mu ma da shi za mu kira su.

Ɗaya daga cikin mafi ƙanƙantansu inci 1 ne tsawonsa, kamar gaɓar yatsa guda, ana samunsa a rassan Kogin Madera. Manyan kuwa sukan kai inci 4. Mazauninsu gabas da duwatsun Andis ne, a cikin Kogin Amazon da rassansa, da Orinoko, da Farana, da ƙoramun da ke gangarawa teku ta gabashin Barazil. Ba su son tsakiyar kogi mai zurfi. Sun fi son bakin gaɓa, da ƙananan rafuka na cikin kurmi, da fadamu, inda ruwa bai wuce gwiwa ba kuma ƙasansa rairayi ne da ruɓaɓɓen ganye. A Afirka babu su a kowane kogi, sai wanda aka kawo a jirgi.

Fasali na biyu, a kan sulke da mashi

Wanda ya ɗora Koridoras a tafin hannu zai ji shi da tauri kamar ɗan dutse. Kansa ƙashi ne dunƙule. Daga wuya zuwa wutsiya akwai alluna sahu biyu a kowane gefe, na sama da na ƙasa, suna gamuwa a tsakiyar haƙarƙari, kuma sahun sama ya haura allo 20. Kowane allo bakinsa yana kan na bayansa, kamar yadda ake baibaya ɗaki ciyawa bisa ciyawa, saboda haka kifin yana iya lanƙwasa jiki ya yi iyo, amma haƙori ba ya samun kafar shiga. Allon kansa hawa biyu ne: na waje mai tauri da ƙyalli, na ciki ƙashi mai ɗan laushi wanda ke shanye ƙarfin cizo. A 2021 waɗansu masana a Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi na wannan sulke da haƙoran firana, suka nuna sau da yawa cizon ba ya huda shi.

Sulke yana tare haƙori, amma akwai masu haɗiya ba tare da tauna ba, kamar zalɓe da manyan kifaye. Maganin waɗannan shi ne ƙayoyi uku, ɗaya a gaban fiffiken baya, biyu a fukafukan ƙirji dama da hagu. In ya ji tsoro sai ya miƙe su tsaye, gindin kowace ƙaya ya shige cikin gurbinsa ya kulle, ba ta kwanciya sai shi ya kwantar da ita. Nan da nan ɗan kifin da ya isa loma guda ya zama abu mai kusurwa uku wanda ya fi ƙarfin maƙogwaro. Masuntan Kwara da Binuwai sun san irin wannan kulli a jikin ƙurungu, sun kuma san yadda yake sarƙe taru. Haka nan kukan da ƙurungu ke yi in an fito da shi, Koridoras ma yana da irinsa, da goga gindin ƙayar ƙirji yake yinsa, a lokacin firgita da lokacin neman mace.

Ƙayoyin nan kuma da dafi a jikinsu. Wanda ta soka yakan ji raɗaɗi kamar harbin zuma, wurin ya kumbura na wani lokaci. Har wa yau in an matsa masa yana zubar da wani ruwa mai guba daga jikinsa. A cikin rafi mai gudu gubar takan kori maƙiyi ta bi ruwa ta wuce, amma a wuri matsattse takan juyo kan mai ita, kuma za mu ga yadda wannan ya shafi fatake in mun zo fasalin ciniki.

Akwai wani abu da ke ba masu kallonsa dariya. Yakan juya ƙwayar idonsa ƙasa ya maido da sauri, sai a ga kamar ya ƙifta wa mutum ido, alhali kuwa kifi ba shi da fatar ido.

Fasali na uku, a kan numfashi ta hanji

Kifi yana numfashi da jajayen tsokokin nan na ƙarƙashin kumatunsa, su ke tace iskar da ta narke cikin ruwa. To, ruwan fadama da na kududdufin da rani ya yanke daga kogi iskarsa kaɗan ce, gama ruɓaɓɓen ganye yana cinye ta, zafin rana kuma yana korar ta. A irin wannan wuri kifaye da yawa sukan taso sama suna haki har su mutu. Kowane mai zama a nan sai da dabara. Gaiwa tana da huhu. Tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa kamar itace a cikin kanta, da ita take shan iska. Shi kuwa Koridoras da hanjinsa yake yi.

Ga yadda abin yake. Yana cikin kiwo a ƙasan ruwa, sai ya zabura sama kamar kibiya, ya ɓullo da baki, ya haɗiyi iska, ya juyo ƙasa, duk kafin ƙiftawar ido. Iskar nan sai ta bi ciki ta isa ƙarshen hanji, inda fatarsa take da sirantaka ƙwarai kuma jijiyoyin jini sun yi mata saƙa. A nan jini ke ɗaukar abin da yake bukata, saura kuma ya fita ta dubura kumfa kumfa. Gaban hanjin na narka abinci ne, bayansa na numfashi, kowanne da aikinsa.

Iskar tana da wani amfani na biyu. Mafi yawan kifaye suna da jakar iska a ciki wadda ke hana su nutsewa. Ta wannan gida ƙarama ce, ƙashi ya kewaye ta, ga kuma nauyin sulke. Saboda haka iskar da ke cikin hanji ita ke rage masa nauyi, shi ya sa ko a ruwa mai wadatar iska ba ya barin hawa sama jefi jefi. In ruwa ya yi zafi ko ya gurɓace sai hawan ya yawaita, har masu kiwo suna gane lafiyar ruwansu da yawan hawa da saukarsa.

Amma hawa sama da hatsari, domin a nan tsuntsu ke dako. Don haka ba ya tsayawa ko kaɗan, kuma sau da yawa in ɗaya ya tashi sai waɗansu su bi shi a tare, mai dako ya rasa wanda zai sa wa ido.

Fasali na huɗu, a kan kiwo da zaman ayari

Bakinsa a ƙasa yake, ƙarami, da gajerun gashin baki kewaye da shi. Gashin nan tsoka ne mai ji da ɗanɗano, da shi yake gane abinci ko a ruwa mai duhu. Yakan cusa hancinsa cikin rairayi har kusa da ido, ya zuƙo, ya riƙe abin ci, yashin kuma ya fita ta ƙarƙashin kumatu. Abincinsa tsutsotsin ƙwari ne da ƙananan tana da 'yan halittun ruwa da ido ba ya cika gani, da ɗan abin da ya samu na tsiro. Tarwaɗa da 'yan'uwanta da dare suka fi fita, amma shi da rana yake kiwonsa da safe da maraice, gama mai sulke ba ya tsoron a gan shi kamar yadda tsirara ke tsoro.

Ba ya zama shi kaɗai. Garke garke suke tafiya, daga gommai har ɗaruruwa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna cewa suna zungurar juna da gangan, don kada ayari ya watse, musamman in sun gamu da baƙin da ba su saba da su ba. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi.

Mafi ban mamaki a zamansu shi ne sha'anin kama. A rafi guda akan sami iri biyu ko uku suna kiwo tare da zane iri ɗaya, wannan da baƙin ratsi a ido da baƙin tabo a baya, wancan ma haka, har sai gwani ke rarrabe su. Da an ɗauka 'yan uwa ne na kusa. A 2011 masu bincike daga Jami'ar Bango ta ƙasar Wales tare da abokan aikinsu na Barazil suka buga abin da suka gano: yawancin masu kama da junan nan nasabarsu da nisa, zane ne kawai ya haɗa su. Dalili kuwa, tsuntsun da ƙaya ta taɓa soke wa maƙogwaro yakan riƙe zanen a ransa, ya guje shi har abada. In iri uku sun sa riga ɗaya, darasin da ɗaya ya koya wa tsuntsu ya kare su duka, waɗanda za a rasa kafin maƙiyi ya koya sun ragu ke nan.

To, me ya hana su faɗa a kan abinci? Masu binciken sun ga cewa a mafi yawan garken, ɗaya doguwar fuska gare shi, yana tono can ƙasa, ɗaya kuwa gajera, yana tsintar na sama sama. Fatake sun san wannan tun zamanin ayari: a tafi tare don tsoron 'yan fashi, amma wannan da gishiri, wancan da goro, ba mai tare wa wani kasuwa. Akwai kuma waɗansu kifaye na wani gida dabam da suka ari zanen nan suka shiga cikin garke, suna cin albarkacin makamin wasu.

Fasali na biyar, a kan haihuwa

Rayuwar kogunan nan ruwan sama ke juya ta. A birnin Manawus na Barazil kogi yakan cika a wajen watan Yuni, ya janye a wajen Oktoba, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa akan sami kamar mita 10 a shekara. In ya cika sai ya shiga kurmi ya kwanta a gindin itatuwa wata da watanni, abinci ya yalwata. Koridoras yana jiran alamar farkon damina, watau sabon ruwa mai sanyi ya sauko a kan tsohon da ya ɗumama. Masu kiwo sun gane wannan, in suna son ƙwai sai su kwashe rabin ruwan su zuba mai sanyi, sau da yawa kafin kwana biyu aiki ya kankama.

Macen ta fi namiji girma da faɗin ciki. Maza biyu ko uku sukan bi ta suna shafar ta da gashin baki. Wanda ta yarda da shi sai ya gitta a gabanta, ya kama gashin bakinta da ƙayar ƙirjinsa, bakinta ya manne a cikinsa. A lokacin nan sai ta haɗa fukafukan cikinta biyu su zama kamar 'yar jaka, ta zuba ƙwai kaɗan a ciki. An daɗe ana gardamar yadda maniyyi ke isa ga ƙwan, tun da yake bakinta na gaba, jakar na baya. A 1995 wani masani Bajafane mai suna Kohda da abokan aikinsa suka gwada da ruwa mai launi a kan iri guda, suka ga macen haɗiye maniyyin take yi, ya ratsa hanjinta da sauri ya fita a daidai jakar. Hanjin da ya saba wucewar iska shi ne ya zama hanyar zuriya.

Daga nan sai ta tafi da jakarta a rufe, ta nemi ganye ko dutse, ta share shi da baki, ta manna ƙwan. Kowanne kamar ƙwayar gero yake, da danƙo mai ƙarfi. Sai ta koma wurin maza, a sake, har a yini guda ta warwatsa ƙwai da yawa a wurare dabam dabam. Ba ta gadi, namiji ma ba ya yi. Hikimar warwatsawar ita ce ɓarawo ba ya samun duka a wuri guda. Cikin kwana 3 zuwa 5 ƙwai ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan tsirara suke fitowa, ba sulke, sai a hankali alluna ke tsirowa, kuma a wannan tsakanin ne mafi yawansu ke halaka. Wanda ya tsallake kuwa yana da tsawon rai, a hannun masu kiwo sukan kai shekara 10 ko fiye.

Fasali na shida, a kan babban wansu mai sheƙar kumfa

A gidan nan akwai reshe na biyu, masu girma, waɗanda sukan kai inci 8 ko 9. Su Turawa suka fara sani: a 1648 an buga bayanin ɗayansu a littafin da ya tattara halittun Barazil, da sunan da mutanen ƙasar ke kiransa, tamowata, sa'an nan Linnaeus ya sa shi cikin lissafinsa a 1758. In kududdufinsu ya ƙafe sukan fito su ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa suna dogara ƙayoyin ƙirji, su nemi wani ruwan, iskar hanji na riƙe da su.

Waɗannan al'adarsu a kan ƙwai ta saɓa da ta ƙananan. Da farkon damina namiji yakan tara ciyawa a kan ruwan fadama, ya busa kumfa a ƙarƙashinta har ta taso kamar jinka. Mata su zo su zuba ƙwai dubbai a cikin kumfar, inda iska take da yawa ko da ruwan ƙasa ya ruɓe. Sa'an nan ya kore su ya tsaya gadi, ƙayoyin ƙirjinsa sun yi kauri a wannan lokaci, duk abin da ya matso sai ya kai masa sara. Wani likita mai suna Hancock ya rubuta a 1828 cewa mutanen Gayana da wannan kishin suke kama shi: a motsa ruwa kusa da sheƙa, ya fito faɗa, ya faɗa hannu.

Shi wannan ana cinsa. A Gayana sunansa hassa, a Surinam kwikwi, a Tirinidad kaskadura. Da sulkensa ake dafa shi cikin yaji, mai ci ya ɓare allunan da yatsa. Mutanen Tirinidad suna da camfi cewa wanda ya ci shi, ko ina ya tafi a duniya, a tsibirin zai ƙare kwanansa. A 1995 an same shi a ruwayen jihar Fulorida ta Amurka, inda ba asalinsa ba, ya kuwa zauna ya yaɗu.

Fasali na bakwai, a kan yadda ya shiga kasuwa

Ƙananan ba a cin su, gama ba nama sai ƙashi da ƙaya. Kasuwarsu ta kallo ce. A Turai da Amurka da Asiya mutane suna ajiye kifi a akwatin gilashi cikin ɗaki, kamar yadda ake kiwon tantabara don sha'awa, kuma Koridoras yana cikin waɗanda aka fi so, domin ba ya faɗa da kowa. Darwin ya kawo iri guda Ingila daga tafiyarsa ta jirgin ruwa ta 1831 zuwa 1836, aka rubuta bayaninsa a 1842. A 1878 wani mai kiwon kifi a Faris mai suna Carbonnier ya sa wannan irin ya hayayyafa a hannunsa. Wani iri mai ruwan tagulla, wanda aka fara bayyanawa daga Tirinidad a 1858, shi ne ya fi yawa a kasuwa, har an fitar da zabiyarsa, fari mai jan ido.

Waɗannan na kowa da kowa a gonakin kifi ake haifarsu, a Singafo da Fulorida da sauransu. Masu wuyar samu kuwa daga daji suke fitowa. Masunta suna shiga rafuka da kwalekwale da 'yar koma lokacin da ruwa ya janye, su sayar wa dillalai, su kuma su kai Manawus a Barazil, ko Ikitos a Feru, ko Letisiya a Kolombiya, daga nan jirgin sama ya ɗauka. Garin Barselos na bakin Kogin Negiro da wannan sana'a ta kifin kallo ya yi suna.

Kaya ne mai wuyar ɗauri. Ƙayoyinsa na huda leda, don haka riɓi biyu ake yi masa. Gubar nan kuma da muka ambata, in an cusa su da yawa suka firgita, sai ruwan ya yi fari da kumfa, kafin a isa duk sun mutu da dafin kansu. Gwanaye sukan fara razana su a wani mazubi dabam har su zubar da gubar, kana a sa su a sabon ruwa a ɗaure. Wanda ya jahilci wannan asara ce rabonsa.

Kasuwa ta riga malamai gudu. Sababbin iri suna isa Turai kafin a raɗa musu suna, har a 1993 wata mujalla ta Jamus mai suna DATZ ta fara ba su lamba, ana ciniki da lambar kafin masana su zauna su tabbatar da nasaba. Waɗanda ke jiran suna har yanzu suna da yawa.

Fasali na ƙarshe, a kan abin da sulke ba ya tarewa

Duk makaman da muka lissafa na maƙiyi mai baki ne. Amma da yawa daga irin Koridoras ba su da gida sai rafi ɗaya ko biyu a duk duniya, in rafin ya lalace ba su da wurin ƙaura. Masu haƙar zinariya a Kogin Madera da Tafajos suna tayar da laka suna zuba zaiba, lakar ta binne rairayin da yake tono, zaibar kuma ta shiga tsutsar da yake ci. Kurmin gabar tekun Barazil mafi yawansa an sare shi, kuma rafin da aka raba da inuwa yakan yi zafi ya cika da yashin zaizaya. Manyan madatsun ruwa da aka gina a Madera da Shingu sun canza lokacin cika da janyewa, alhali da wannan lokacin yake sanin ranar zuba ƙwai.

Sai kuma fari. A Oktoban 2023 Kogin Negiro ya sauka zuwa mita 12.70 a ma'aunin Manawus, a Oktoban 2024 ya sauka zuwa 12.11, mafi ƙasa tun da aka fara auna shi a 1902. A 2023 zafin ruwan Tafkin Tefe ya haura digiri 39, kifaye masu yawa suka mutu. Mai numfashi ta hanji ya fi saura jimiri a irin wannan rana, amma jimirinsa na jiran damina ne, kuma iyakarsa ruwan da ya rage a kududdufi.

Masuntan da ke kama shi da rai suna da rabo a tsayuwar kurmi, domin rafin da ya mutu ba ya ba su abin sayarwa, shi ya sa waɗansu masana ke ganin cinikin nan, in an yi shi da ƙa'ida, ya fi sara da haƙa alheri ga mutanen wurin. Bukatun wannan ɗan kifi kaɗan ne: rairayi mai tsabta, da itace a bakin rafi, da ruwan sama a kan lokacinsa. In ya sami waɗannan, sauran ya daɗe da iya wa kansa. Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan.